Suturar Ado ta Matan Katsina Laka a Zamanin Sarauniya Biktoriya, 1837 zuwa 1901

Cikin shekarar 1837 aka naɗa Biktoriya sarautar Ingila, cikin wannan shekara kuma Allah ya yi wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello rasuwa a Wurno. Biktoriya ta rasu a farkon 1901, saura shekara biyu sojan Turawa su shiga Kano da Sakkwato da Katsina. Watau zamanin da Turawa su ke kira da sunan wannan sarauniya ya zo daidai da shekarun da daular Sakkwato ta yi tana zaune da gindinta, bayan an gama kafa ta, kafin a ci ta da yaƙi. Saboda haka ya dace a jera ƙasashen nan biyu a dubi abu guda a cikinsu, shi ne irin suturar da mace ta kan yi in za ta fita gaban jama'a ran biki ko ran salla.

Masanan Ingila sun cika littattafai da labarin tufafin matansu na wannan zamani, har su kan faɗi shekarar da aka ƙara faɗin hannun riga da shekarar da aka rage shi. A nan kuwa, wanda ya shiga gidajen ajiye kayan tarihi abin da zai fi gani shi ne manyan rigunan maza, da wanduna masu aiki, da alkyabba. Dalilin haka a fili ya ke. Riga abar kyauta ce, sarki ya kan tufatar da baƙo da ita, baƙon ya tafi da ita ƙasarsu a adana. Zane kuwa mai shi ta kan ɗaura shi har ya koɗe, sa'an nan ya koma na goyo, daga nan ya koma tsumma. Wannan ya sa 'yan makaranta da yawa, har da waɗansu malamansu, su ke zaton riga da zane da ɗankwali na atamfa su ne suturar kaka da kakanni, waɗansu kuma su ke zaton kakannin nasu ba su san ado ba sai da Turawa suka zo. Duka biyu kuskure ne. Ana iya gyara shi da shaida iri huɗu: abin da matafiya suka gani da idonsu, da abin da malaman jihadi suka rubuta, da labarin da aka ɗauka daga bakin tsofaffi, da kuma sunayen tufafi da aka tattara cikin ƙamus, musamman na Bargery wanda aka buga cikin 1934.

Ƙasar Auduga

Danja tana cikin yankin da a ke kira Katsina Laka, watau kudancin ƙasar Katsina, inda jigawa ta ƙare, ƙasa ta yi nauyi, damina kuma ta fi ta arewa ruwa da daɗewa. Funtuwa da Bakori suna yamma maso arewa da ita, Malumfashi tana arewa, ƙasar Zazzau tana kudu, ƙasar Kano tana gabas. Irin wannan ƙasa ita auduga ta ke so, baba ma ya kan yi kyau a cikinta, ga kuma itatuwan tsamiya. Kayan yin tufa ke nan sun taru wuri guda. A ƙarni na 19 garin da ya fi suna a yankin ta wajen saƙa da rini shi ne Maska. Funtuwa ba ta ɗaukaka ba sai zamanin Turawa, sa'ad da Sarkin Maska ya koma can da zama.

Yaƙi ma ya taimaka wa kudu ta wata fuska. Bayan da Malam Ummarun Dallaje ya ci Katsina cikin 1807, sarakunan Haɓe suka koma arewa suka kafa Maraɗi, suka yi ta kawo hari shekara da shekaru. Garuruwan arewa su suka fi shan wahalar wannan, saboda haka manoma da masu sana'a da yawa suka gangaro kudu. Ko da ya ke hari ya kan iso kudun ma, duk da haka garuruwanta suka cika, kasuwanninta suka haɓaka, suna hulɗa da Kano da Zariya.

An yi sa'a kuma da wata shaida wadda ta fito daga maƙwabtan Danja. Baba, 'yar Karo, an haife ta wajen 1877 kusa da Zarewa a ƙasar Kano, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa da Zariya cikin 1949 da 1950, aka buga shi da Turanci cikin 1954. Karo tana gabas da Danja, Giwa tana kudu da ita, ba kuwa wata tazara mai yawa. Abin da Baba ta faɗa game da aure, da suna, da zaman rinji, da kaɗi da saƙa, labarin mutanen yanki guda ne, masu cin kasuwa ɗaya, masu auratayya da juna.

Daga Mazari Zuwa Mabuga

Abu na fari da ya kamata a riƙe shi ne, zanen da mace ta ke ado da shi daga hannun mata ya ke farawa. In an ɗebo auduga daga gona, mace ce za ta gurje ta a bisa dutse da ɗan ƙarfe ta fid da gurya, ta shiɓe ta da baka, sa'an nan ta kaɗa da mazari, tana shafa alli a yatsa domin kada zare ya suɓuce. Zare iri biyu ta kan yi, siriri mai ƙarfi wanda a ke ja a tsaye, da abawa mai kauri wadda a ke gittawa. Kaɗi aiki ne mai cin lokaci ƙwarai, masaƙi guda ya kan cinye zaren mata da yawa. Saboda haka da wuya a shiga gida, na attajiri ko na talaka, ba a tarar da mazari yana juyawa ba. Da kuɗin zaren nan mace ta kan yi biki, ta tara wa 'yarta kayan ɗaki.

Saƙa iri biyu ce. Maza su kan saƙa ƙwarya siririya, faɗinta kamar tafin hannu, a ɗinke ƙwarya da ƙwarya har ta zama zane. Mata kuwa suna da tasu masaƙar ta tsaye a cikin gida, wadda ta ke fid da tufa mai faɗi, irin su gwado da majanyi. Daga masaƙa sai marina. Marini ya kan haɗa baba da toka da katsi cikin rijiyar karofi, ya bar su kwanaki yana motsawa har ruwan ya nuna, sa'an nan ya yi ta tsoma zane yana shanyawa, gwargwadon duhun da a ke so. In ana son ƙyalli sai a kai mabuga, a zuba shuni, a yi ta bugu bisa gungume har zanen ya riƙa ɗaukar ido. Garin Kura na ƙasar Kano shi ya fi ko wane gari suna a wannan aiki, har a ke kiran irin tufar da sunansa.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Katsina a farkon 1851 zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Bello, ya wuce Kano. Ya rubuta cewa babban cinikin Kano shi ne tufar da a ke saƙawa a rina a birnin da garuruwan kewaye, ya lissafa riguna, da turkudi na mata, da zannuwa masu launi iri iri, da baƙin rawani. A ƙiyasinsa abin da a ke fitarwa ko wace shekara ya kai na wuri miliyan 300, wanda a ke kai wa Tambutu kaɗai ya kai kayan raƙumi 300, a lokacin da riyalin azurfa guda ya ke daidai da wuri 2,500. Ya lura kuma sana'ar a gidaje a ke yinta, ko wane iyali na samun rabonsa, ba kamar manyan masaƙun Turai ba inda ma'aikata su ke cikin ƙunci. Bayan shekara arba'in da 'yan kai, C. H. Robinson, wanda ya zauna Kano cikin 1894 da 1895, ya ce Kano ce ta ke tufatar da fiye da rabin mutanen tsakiyar ƙasar Sudan. Amma fa ba duk abin da a ke kira tufar Kano ne aka yi a cikin ganuwa ba. Auduga da zare da farin ƙyalle daga ƙauyuka su ke zuwa, ƙasashen laka na kudu kuwa suna cikin masu ciyar da wannan kasuwa.

Abin da Mace Ta Ke Ɗaurawa

Suturar mace ta wancan zamani yawancinta ba yankakkiya ba ce. Ba a gwada ta a jiki a yanka, ɗaurawa a ke yi da yafawa. Daga ciki akwai fatari. A bisansa matar aure ta kan ɗaura zane a ƙirji, ya sauka har idon sawu, 'yan mata kuwa a ƙugu su kan ɗaura. In fitar ta biki ce sai ta ƙara wani zane a bisa na farin, ta bar bakin na ƙasa yana leƙowa domin a san biyu ne. A kai ta ɗaura fatala ko kallabi, sa'an nan ta kawo mayafi ta lulluɓa. Taguwa ɗinkakkiya akwai ta, amma sai a gidan sarauta da na masu hali. Barth ya kwatanta mata biyu da ya gani a Kano, ɗaya uwargida ce cikin baƙin zane mai tsabta da kitso shiryayye tana aikin gida, ɗayar kuwa tana tafe a titi da zane mai launi yana jan ƙasa, wuyanta cike da duwatsu. Ko wacce cikinsu zane ta ɗaura, ba riga ta sa ba.

Tun da ya ke yanka da ɗinki ba su da wani babban matsayi, sai darajar sutura ta koma ga abu uku: irin zaren, da kyan rini, da yawan zannuwa. Fari shi ne na ƙasa. Bunu, watau wanda aka rina ya yi duhu, ya fi shi. Saƙi ya fi bunu wuyar aiki, domin da zare fari da rinanne a ke saƙa shi, a fid da 'yan ƙananan gidaje kamar jikin zabuwa. Turkudi ƙwaryarsa siririya ce ainun, ga rini ga bugu, har shuninsa ya kan zauna a fatar mai shi, a kan kuwa ɗauki wannan ado ne. Sai kuma tsamiya, siliki na gida, wanda a ke samu daga saƙar wata tsutsa mai yin gida a jikin itatuwa, a dafa da ruwan toka, a kaɗa kamar auduga. Launinsa toka-toka ne, yana da ƙarko da tsada. A bisa duka akwai barage, mai ratsin jan alharini. Alharini kuwa ragowar siliki ne na masaƙun Turai, a kan rina shi a arewacin Afirka, Larabawan Gadamus da Tarabulus su ratso hamada da shi a kan raƙuma. Macen da ta fito da barage a kan saƙi, ba sai an tambayi gidan da ta fito ba.

Ado bai tsaya ga tufa ba. A kan yi kitson doka, a tayar da gashi tsakiyar kai, a shafe shi da shuni da man shanu. A sa tozali a ido, a zana katambiri a fuska, a ƙunsa lalle hannu da ƙafa, a rina haƙora da fure da goro. Tun cikin 1824 Kyaftin Clapperton ya ga irin wannan kwalliya ta haƙora da hannuwa a Kano ya rubuta. A wuya akwai murjani da tsakiya, a hannu mundaye na azurfa ko na tagulla da ƙarau na Bida, a ƙugu jigida. Azurfar da maƙeran farfaru su ke aiki da ita yawanci daga riyali a ke narkarwa, mai hoton sarauniyar Ostiriya, wanda ko yaushe aka buga shi shekarar 1780 a ke rubutawa a jikinsa.

Waɗannan kaya dukiyar mace ce ta kanta. Zannuwan da miji ya kawo cikin lefe, wanda a lokacin kwando ne na kaba, da waɗanda iyaye suka yi mata, da waɗanda ta saya da kuɗin kaɗinta, duka cikin adudu ta kan adana su. In yunwa ta zo, ko aka kama wani nata aka nemi fansa, zane da murjani su ne a ke fara fitarwa, gama tufa tana tafiya a kasuwa kamar kuɗi. Aro ma a kan yi domin fita kunya, shi ya sa Hausawa su ke cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Sutura da Matsayi

Tun kafin jihadi maganar suturar mata ta shiga siyasa. Wajen ƙarshen ƙarni na 18 Sarkin Gobir Nafata ya yi shela ya hana maza naɗa rawani, ya hana mata yin lulluɓi, domin da su a ke gane jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Shehu kuwa ya wallafa littafi musamman a kan hukuncin fitar mata, Irshadul Ikhwan, inda ya bayyana lalurorin da su ke halatta fita, neman ilimi na cikinsu, tare da sharaɗin suturta jiki. Da aka kafa daula, sai mayafi ya zama alamar gidan da ya karɓi wannan koyarwa.

Akwai kuma suturar muƙami. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa cikin 1793 ta rasu cikin 1864, ta shirya mata masu kai karatu ƙauyuka, a ke kiransu 'yan taru, shugabar ko wace ƙungiya kuma jaji. In za ta naɗa jaji sai ta ba ta malfa, a naɗe ta da jan ƙyalle. Malfa kuwa a da kayan Inna ta Gobir ce, shugabar 'yan bori. Nana ta ɗauki alamar da mata suka riga suka saba girmamawa ta ɗora ta a kan malama. Wannan ya nuna mutanen lokacin sun san sutura magana ce, sun kuma iya sarrafa ta.

Amma ba ko wace mace ce ta sami mayafi ba. A rinji, inda bayi su ke noma wa iyayengijinsu, kuyanga da zane guda ta ke fita gona, kanta a buɗe. Matan Maguzawa, waɗanda su ke da yawa a ƙasar Malumfashi da Ƙafur, manoma ne su ma, gajeren zane su kan ɗaura wanda ba zai hana su aiki ba. Matar da ta ke lulluɓe da zane uku, wadda ba ta fita sai da dare ko ran biki, tana nuna wa jama'a ita 'ya ce, mijinta kuma yana da masu yi masa noma. Saboda haka duk wanda zai yaba kyan barage, ya kamata ya tuna audugar da ta ke cikinsa sau da yawa hannun baiwa ne ya tsince ta.

Halin da A ke Ciki a Ingila

A Ingila hanyar ado dabam ce. Can tufa a ke yankawa a ɗinka, jikin mace kuma a tilasta shi ya bi siffar tufar. Su kan ɗaure ciki da wata 'yar shara mai ƙarfafan tsinkaye, a ja igiya ta baya har ƙugu ya tsuke. Cikin 1856 aka fito da wani keji na zoben ƙarfe wanda a ke ɗaurawa a ƙugu ya buɗa rigar kamar laima, ya bazu har ga 'yan aikin gida, ya kuwa jawo asarar rayuka da yawa, domin rigar ta kan taɓa wutar murhu mai ita ba ta sani ba. Daga wajen 1870 aka bar shi aka koma tara tufa ta baya a bisa matashi. Keken ɗinki na Singer ya fito cikin 1851, rinin kimiyya na fari kuma William Perkin ya gano shi cikin 1856, su biyun suka sa yayi ya riƙa juyawa da sauri. Sarauniya da kanta ta kafa al'ada biyu. Ta sa farar riga ran aurenta cikin 1840, amare suka bi ta. Da mijinta Albert ya rasu cikin 1861 ta shiga baƙaƙen kaya, ba ta fita daga cikinsu ba har ta mutu.

In an gwada da ƙasar Hausa za a ga bambanci a fili. Amarya a nan lulluɓe ta a ke yi, sai ran buɗar kai a ga fuskarta. Baƙin zane mai ƙyalli kayan alfarma ne, ba ruwansa da makoki. Mai takaba ado ta kan bari wata huɗu da kwana goma, ba ta da wani launi da aka keɓe mata. Duk da haka akwai inda suka haɗu. A ƙasashen biyu suturar babbar mace tana shaida mai ita ba ta aikin ƙarfi, a ƙasashen biyu kuma akwai bayi a ƙarshen zaren, gama audugar da masaƙun Lankasha su ke saƙawa, har zuwa 1861, yawancinta bayi ne su ke nomawa a kudancin Amurka.

Rigar Turawa irin wannan ta iso bakin teku, matan Kirista na Ikko da Saliyo sun sa ta. Ba ta hau zuwa ƙasar Hausa ba. Abin da ya iso shi ne kayan haɗi. Barth ya tarar da farin yadi na Mancesta a kasuwar Kano, da duwatsun wuya na Fenis, da allurai da madubai na Jamus. Mutanen ƙasa suka ɗauki abin da su ke so suka sa cikin tsarinsu. Ragowar silikin da aka zubar wajen saƙa wa matan Turai tufafi, ita ce ta zama ratsin barage.

Abin da Ya Biyo Baya

Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya yanke wa Lankasha auduga, masaƙu suka tsaya, ma'aikata suka shiga yunwa. Masu masaƙun ba su manta da wannan ba. Cikin 1902 suka kafa ƙungiyar noman auduga ta Ingila a Mancesta, wadda manoma suka sani da BCGA, suka sa ido a kan Nijeriya ta Arewa. Jirgin ƙasa ya iso Zariya da Kano cikin 1911, aka kawo irin audugar Amurka mai suna Allen wajen 1912, reshen dogo kuma ya ratsa Funtuwa kafin 1930. Aka kafa injin gurza a Funtuwa da Malumfashi, aka buɗe kasuwannin auduga a garuruwan yankin. Da fari masaƙan gida sun yi ta kayar da kamfanin a ciniki, domin suna biyan kuɗin da ya fi nasa, wannan kuwa shaida ce ta ƙarfin da sana'ar ta ke da shi. Amma a hankali audugar da a da ta ke zuwa ga mazari ta koma zuwa ga sikeli.

Sauran abubuwa suka taru suka ƙarasa. Wani kamfanin Jamus ya fara sayar da shunin kimiyya cikin 1897. Akoko da alawayyo da atamfa suka shigo ta jirgi da araha. Keken ɗinki ya bazu, riga ta zama ta ko wace mace. Dokar 1901 ta 'yanta duk wanda aka haifa bayan farkon Afrilu na wannan shekara, aka kuma soke bauta ɗungum cikin 1936. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya nuna yadda matan da suka fita daga bauta suka bar gona suka shiga kulle, domin kulle da mayafi su ne alamar 'yanci da suka sani. Masaƙar zamani ta Kaduna ta fara aiki cikin 1957, daga baya aka kafa wata a Funtuwa. Daga wajen 1980 kuma hijabi ɗinkakke ya yaɗu a kan gyale da mayafi.

Ribar wannan canji ba a musunta. Tufa ta yi sauƙi, matar talaka ta sami abin da a da sai matar attajiri. Hasararsa kuwa a kan mata ta fi faɗawa, gama kaɗi shi ne sana'ar da ko wacce ta ke da ita a ɗakinta, ba ta bukatar jari sai mazari da kwandon auduga. Da zaren inji ya kashe kasuwar zaren hannu, wannan ƙofa ta rufe. Mace ta koma mai sayen zane, alhali a da da hannunta a ke fara shi.

Matan da suka ga zamanin da idonsu duka sun riga mu gidan gaskiya, amma jikokinsu suna nan a Danja da Dabai da Tandama da Maska, waɗansu kuma ba za a rasa tsohon saƙi ko gwado a ƙasan akwatinsu ba. Malaman kwalejin horon malamai suna da hanyar da ba kowa ke da ita ba, domin ɗalibansu daga waɗannan gidaje su ke fitowa. In ko wane ɗalibi ya tafi hutu ya zauna da tsohuwar gidansu, ya rubuta sunan zanen, da garin da aka saƙa shi, da marinar da aka rina shi, da bikin da aka ɗaura shi, ya ƙirga ƙwaryarsa ya auna faɗinta, ya ɗauki hotonsa ya bar wa masu shi kayansu, to, cikin 'yan shekaru za a tara abin da zai isa a rubuta tarihin zane kamar yadda aka rubuta na riga.